Ɗanyen Itacen Kirsimeti a Gidajen Kula da Tsofaffi

A daren 24 ga watan Disamba na shekarar 1945, watau jajibirin Kirsimeti, an ƙawata wani gidan jinya da ke kan titin Niles a birnin Hartford, cikin Jihar Konetikat ta Amurka. Galibin mazauna gidan tsofaffi ne da marasa lafiya waɗanda ba su iya tashi da kansu. An kafa itacen Kirsimeti, aka rataya masa ƙananan fitilun lantarki, aka shimfiɗa auduga a gindinsa don ta yi kama da dusar ƙanƙara. Sai tartsatsi ya tashi daga wayar fitilun ya faɗa kan audugar, auduga ta kunna wa itacen, itacen kuma ya kunna wa gidan. Mutum 21 suka rasa rayukansu ta dalilin wannan gobara.

Jawabin kimiyya na wannan mako ya shafi wannan itace ne, da dalilan da suka sa masanan gobara da likitoci suke ɗari-ɗari da shi a gidajen da ake kula da tsofaffi. Zancen kuwa bai yi nisa da masu sauraro kamar yadda za a zata ba. A shekarar 2022 Gwamnatin Birtaniya ta sauƙaƙa ɗaukar ma'aikatan kula da tsofaffi daga ƙasashen waje, sai dubban mutanen Nijeriya da Gana suka shiga wannan aiki. Duk wanda aikin dare ya faɗo kansa cikin watan Disamba a irin waɗannan gidaje, shi ne zai kwana da itacen, shi ne kuma za a fara nema in wani abu ya auku.

Asalin al'adar

Al'adar kafa itace cikin ɗaki don bikin Kirsimeti ta samo asali ne daga ƙasashen Jamusawa, shekaru fiye da 400 da suka wuce. Akwai wani tsohon rubutu na shekarar 1605 da ya ba da labarin yadda mutanen birnin Strasbourg suke kafa itacen fir cikin ɗakunansu, suna rataya masa tuffa da furannin takarda da kayan zaƙi. A Ingila kuwa abin bai bazu cikin jama'a sosai ba sai bayan 1848, sa'ad da wata jaridar London ta buga hoton Sarauniya Biktoriya da mijinta Yarima Albert, wanda shi Bajamushe ne, suna tsaye da 'ya'yansu kewaye da itacen. A zamanin nan kyandir ake ɗaurawa a rassan, a kunna. Sai a shekarar 1882 wani abokin aikin Thomas Edison, mai suna Edward Johnson, ya fara rataya wa nasa itacen fitilun lantarki guda 80 a birnin New York.

Itatuwan da ake amfani da su na ƙasashen sanyi ne, waɗanda ganyensu ba ya kaɗewa ko da ƙanƙara ta sauka. Ganyen siriri ne kamar tsinke, jikinsu kuma cike yake da wani irin ƙaro mai ƙanshi. A Birtaniya iri biyu aka fi saye: sifurus na Norway, da fir na Nordmann wanda asalinsa duwatsun Kokasas ne. Noma su ake yi a gona, sai itace ya yi shekara 7 zuwa 10 kafin ya kai tsawon mita 2. Tun cikin watan Nuwamba ake fara sare su a kai kasuwa, kuma bisa al'ada ba a fid da su daga ɗaki sai ranar 5 ko 6 ga Janairu. Ashe ke nan itace zai iya yin mako 6 ko 7 ba shi da saiwa.

Su wa ke zaune a waɗannan gidaje

A ƙasar Hausa tsoho yakan ƙare kwanakinsa ne a tsakanin 'ya'ya da jikoki. A Turai da Amurka kuwa, in ƙarfin mutum ya ƙare har bai iya yi wa kansa wanka ko girki, sau da yawa akan kai shi gidan da aka tanada musamman, inda ma'aikata ke kula da shi dare da rana. Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna kusan mutum 279,000 masu shekara 65 zuwa sama suna zaune a irin waɗannan gidaje a Ingila da Wales. A Amurka adadin ya haura miliyan ɗaya. Da yawansu ba su tafiya sai da sanda ko kujera mai taya, waɗansu ba su sauka daga gado sam, waɗansu ji da gani sun yi rauni. Ƙungiyar Alzheimer ta Birtaniya ta ƙiyasta cewa wajen kashi 70 cikin 100 na mazauna waɗannan gidaje suna fama da gigin tsufa ko mantuwa mai tsanani. Wannan shi ne tushen maganar duka: abin da ƙaramin hatsari ne a gidan mai ƙarfi, a nan yakan zama babba.

Yadda itacen ke bushewa

Sa'ad da aka saro itace ɗanye, wajen rabin nauyinsa ruwa ne. Wannan ruwa shi ne garkuwarsa daga wuta, gama kafin ganye ya kama, tilas zafin ya fara ƙone ruwan da ke cikinsa ya mai da shi tururi. Aikin nan kuwa yana cin zafi mai yawa: zafin da ake bukata a mai da lita ɗaya ta tafasasshen ruwa tururi ya ninka fiye da sau 5 wanda ake bukata a kai ta ga tafasa daga sanyin ƙanƙara. Shi ya sa in an kanga ashana a jikin ɗanyen reshe, sai ya yi ƙauri ya mutu.

Amma ko bayan an sare shi, ganyen bai daina fitar da ruwa ta ƙananan kafofinsa ba. Abin da ya rage masa shi ne ya sha ta wurin saran, in an tsoma gindin cikin ruwa. A nan ma akwai matsala, domin cikin 'yan sa'o'i kaɗan ƙaro da iska sukan toshe hanyoyin ruwan, sai itacen ya kasa sha ko da yana tsaye cikin bokiti cike. Don haka ne ake cewa a yanke kamar inci ɗaya daga gindin kafin a kafa shi. Masana itatuwa sun ce yana bukatar wajen lita ɗaya kowace rana a kan kowane inci na kaurin gindinsa. Itace mai kaurin inci 4 zai sha lita 4 ke nan a yini, musamman a makon farko. In kuwa aka bari ruwan ya janye har gindin ya sha iska, kafofin za su sake toshewa.

Gidan tsofaffi kuma wuri ne da ke gaggauta bushewar. Jikin tsoho ba ya jure sanyi, saboda haka ana ɗumama ɗakunan dare da rana, galibi zuwa digiri 21 na ma'aunin Selshiyas ko fiye. Iskar hunturun Turai in aka ɗumama ta, sai ta zama busasshiya ƙwarai, ta riƙa tsotse laima daga duk abin da ta taɓa. Wanda ya san yadda iskar hunturu ke mai da zana da jinka abincin wuta cikin 'yan kwanaki, ya san abin da ke samun itacen da aka jingina kusa da bututun ɗumama ɗaki. Sau da yawa kuma idon mutum ba ya gane bushewar, gama fir na Nordmann yakan riƙe ganyensa kore shar ko bayan ya bushe.

Saurin wutar

Busasshen itacen Kirsimeti ya tara duk abin da wuta ke so. Ganyensa dubbai ne, sirara, iska na ratsa tsakaninsu ta kowace fuska. Ƙaron jikinsa yana ci kamar mai. Tsayuwarsa kuma ta sa harshen wuta yana hawa daga reshe zuwa na bisansa ba tare da wani shamaki ba. Hukumar awo da gwaje-gwaje ta Gwamnatin Amurka, wadda ake kira NIST, ta gina ɗakin zama na gwaji, ta kafa busasshen itace a kusurwa, ta kunna masa. Cikin daƙiƙa 5 wuta ta kai ƙololuwarsa, baƙin hayaƙi ya fara shimfiɗuwa a rufi. Cikin daƙiƙa 40 ɗakin duka ya kama. Da aka gwada itacen da ake ba ruwa kullum, sai wutar ta ci ɗan wuri kaɗan ta mutu.

Dalilin da ya sa ɗaki ke kamawa baki ɗaya shi ne, hayaƙi mai zafi yakan taru a ƙarƙashin rufi, in zafinsa ya kai wajen digiri 500 zuwa 600, sai ya riƙa gasa kujeru da labule da darduma daga sama har su kama da kansu, ko da harshen wuta bai taɓa su ba. Daga wannan lokaci babu mai fita da rai daga cikin ɗakin.

Gaskiya ne irin wannan gobara ba ta da yawa. Ƙungiyar kare gobara ta Amurka, NFPA, ta lissafa wajen gobara 160 a kowace shekara tsakanin 2016 da 2020 waɗanda suka tashi daga itacen Kirsimeti a gidajen jama'a, a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 300. Amma in ta tashi takan yi ɓarna fiye da sauran. A shekarar 1924, a wata ƙaramar makaranta da ke Babbs Switch cikin Jihar Oklahoma, kyandir ya kunna wa itacen ana tsakiyar biki, mutum 36 suka mutu. A watan Janairu na 2015, a Annapolis cikin Jihar Maryland, wutar lantarki ta kunna wa wani itace mai tsawon ƙafa 15 wanda ya yi wajen wata biyu da sarewa, mutum 6 'yan gida ɗaya suka halaka. A watan Janairu na 2022 kuma mutum 12 suka mutu a Philadelphia ta irin wannan hanya, 9 daga cikinsu yara.

To, in masu ƙafa sun kasa tsira, ina ga wanda sai an ɗauke shi? Tsarin ceto a gidajen tsofaffi ya dogara ne ga samun lokaci. An raba ginin kashi-kashi da ƙofofi masu tare wuta na wajen minti 30, don in gobara ta tashi a wani sashe, ma'aikata su kwashe mutane zuwa sashen da ke kusa kafin 'yan kwana-kwana su iso. Ɗauke mutum ɗaya daga gado zuwa kujera mai taya yakan ci mintoci, wani lokaci sai da mutum biyu, da dare kuwa ma'aikata kaɗan ne. Wutar da ke cinye ɗaki cikin daƙiƙa 40 ba ta bar wa wannan tsari komai ba. Daɗin daɗawa, an fi son a kafa itacen a zaure ko babban ɗakin zama inda kowa zai gan shi, nan ne kuwa hanyar fita take.

Ba lalle sai wuta ta taɓa mutum ba. A cikin hayaƙi akwai wata iska mai guba, kabon monoksaid, wadda jini ke kamawa fiye da yadda yake kama iskar oksijin sau 200 da wani abu. Mai raunin zuciya ko huhu kaɗan ta ishe shi. A ranar 31 ga Janairu 2004, gobara ta tashi daga wutar lantarki cikin wani ɗan ɗakin ajiya a gidan tsofaffi na Rosepark, kusa da Glasgow a Sikotland. Babu itacen Kirsimeti a wannan labari, wutar kuma ba ta cinye ginin ba, amma hayaƙi ya bi baranda ya shiga ɗakunan kwanan da ƙofofinsu ke buɗe, tsofaffi 14 suka rasu. Har wa yau akwai abubuwa biyu da ke ƙara wa wuta ƙarfi a waɗannan gidaje. Na farko tukwanen oksijin da masu ciwon huhu ke shaƙa, gama inda oksijin ya yi yawa, abu yakan kama da wuri ya ci da sauri. Na biyu man shafawa da ake shafa wa tsofaffi saboda bushewar fata, wanda yakan jiƙa tufafi da zanen gado ya sa su saurin kamawa. Hukumar magunguna ta Birtaniya ta yi gargaɗi a kan haka a 2018.

Abin da ke shigowa tare da itacen

Aibi na biyu ba a ganinsa da ido. Itacen da ya shekara goma a fili yana ɗauke da fumfuna a ɓawonsa da ganyensa, da ƙurar furannin ciyayi da ta manne masa. Bayan an sare, akan ɗaure itatuwan a jibge su da laimarsu, fumfunar ta ƙaru. A waje sanyi yana danne ta, amma da ta ji ɗumin ɗaki sai ta farka, ta riƙa sakin ƙwayoyin irinta cikin iska, ƙanana ƙwarai, har suna iya kaiwa can cikin huhu.

Tun a shekarar 1970 wani likita a Kanada, Derek Wyse, ya ba da rahoto cewa wajen kashi 7 cikin 100 na marasa lafiyarsa masu saurin borin jini sukan sami atishawa ko ƙaiƙayi ko tashin fuka a lokacin da itacen ke cikin gida. A 2007 waɗansu likitoci a Jihar Konetikat suka auna iskar wani ɗaki da aka kafa itacen: a kwanakin farko ƙwayoyin fumfuna 800 suka samu cikin kowane mita ɗaya na faɗi da tsawo da zurfi, amma a rana ta 14 adadin ya kai 5,000. A 2011 kuma masu bincike a wata jami'ar likitanci da ke Syracuse, Jihar New York, suka sami fumfuna iri 53 a jikin rassan da suka duba, galibinsu masu iya ta da cutar numfashi.

Lafiyayyen mutum bai wuce ya yi ɗan mura ba. Amma a gidan tsofaffi akwai masu fuka, da masu tsohon ciwon huhu, da waɗanda magani ko cutar daji ta raunana garkuwar jikinsu. Ga waɗannan na ƙarshe, wata fumfuna da ake kira Asfajilas tana iya kafuwa cikin huhu ta zama cuta mai wuyar magani. Kuma lokacin ya zo daidai da na mura da tari, sa'ad da ake rufe tagogi saboda sanyi, iska ba ta sauyawa. Sai ma'aikaci ya ga tsoho yana tari ya ɗauka murar hunturu ce, alhali kuwa sanadin yana tsaye a kusurwar ɗaki. Ƙaron itacen ma yakan sa waɗansu ƙuraje da ƙaiƙayi, tsinin ganyen kuma yana iya yage fatar tsoho, wadda ta yi laushi kamar takarda, ba ta saurin warkewa.

Faɗuwa da gigin tsufa

Aibi na uku shi ne faɗuwa. Hukumar lafiya ta Birtaniya ta ce mutum ɗaya cikin 3 na waɗanda suka haura shekara 65 yakan faɗi aƙalla sau ɗaya a shekara, ga waɗanda suka haura 80 kuwa rabinsu ne. Karayar ƙashin ƙugu ga tsoho ba ƙaramin abu ba ne, da yawa ba su sake tafiya da ƙafarsu bayanta. Ɗanyen itace kuwa yana zubar da ganye kullum, musamman sifurus na Norway, ganyen kuma a kan daɓe mai sulɓi yakan mirgina ƙarƙashin takalmi ko gindin sanda. Ga ruwan da ke zuba sa'ad da ake cika bokitin, ga wayar fitilu a ƙasa. Itacen da kansa yana da nauyi, yana tsaye ne a kan ɗan ƙaramin mazauni. Tsohon da jiri ya ɗebe shi zai kai hannu ga abin da ya fi kusa, in kuwa reshe ya kama, shi da itacen za su tafi ƙasa tare.

Ga mai gigin tsufa kuma akwai ƙarin hatsari. Ƙwallayen gilashi masu launi da ake ratayawa suna iya yi masa kama da 'ya'yan itace, ya kai baki. Yana iya shan ruwan bokitin, wanda ya kwana da ƙaro da ƙwayoyin cuta, wani lokaci har da maganin da aka zuba don itacen ya daɗe. Waɗansu ganyayen ado da ake haɗawa da itacen, irin su holi da misilto, 'ya'yansu suna ɓata ciki in an ci. Fitilu masu ƙyaftawa sukan ruɗa shi, sauya wurin kujeru don a sama wa itacen fili kuma yakan sa ya ɓata hanyar da ya saba bi. Duk wannan ƙarin aiki ne a kan ma'aikatan da hannunsu ya riga ya cika: ba da ruwa, shara, duba waya, da sa ido a kan masu kai da kawowa. Aikin da ba a danƙa wa mutum ɗaya ba, a tsakanin masu aikin safe da na dare yakan faɗi, kowa yana zaton ɗan'uwansa ya yi.

Abin da doka ta ce

A Amurka, kundin dokokin gobara da jihohi da yawa suka ɗauka ya hana kafa sararren ɗanyen itace a asibitoci da gidajen jinyar tsofaffi. Ya yi sassauci ga makarantu da kantuna da masaukan baƙi in suna da famfunan rufi masu yayyafa ruwa da kansu sa'ad da wuta ta tashi, amma bai yi wa gidajen jinya wannan sassauci ba. A Ingila babu dokar da ta ambaci itacen da sunansa. Dokar kiyaye gobara ta 2005 ta ɗora wa mai riƙe da gidan nauyin auna kowane hatsari ya kuma rage shi, saboda haka shugaban kowane gida ne ke yanke shawara, shi ne kuma zai amsa tambaya. Sikotland ta wajabta famfunan rufi a sababbin gidajen tsofaffi tun 2005, bayan gobarar Rosepark. Wales ta bi a 2014, Ingila kuma a watan Maris na 2025. Amma waɗannan dokoki sababbin gine-gine suka shafa, tsofaffin gidaje da yawa ba su da su.

Ɗaya gefen maganar

Masu son ɗanyen itacen ma suna da hujja, ba kuwa ƙarama ba. Wurin gida ne, ba asibiti ba, mazaunansa kuma manya ne masu haƙƙin a tambaye su. Hanyar ƙanshi a cikin ƙwaƙwalwa tana maƙwabtaka da wuraren da ke riƙe tunani da motsin zuciya, shi ya sa ƙanshin itacen kan tuna wa tsohuwar da ta manta sunan 'yarta gidan iyayenta da ƙuruciyarta. Wanda ya hana wannan ya hana abu mai daraja.

Itacen roba kuma ba tsarkakakke ba ne. In wuta ta yi ƙarfi shi ma yana ci, hayaƙinsa kuwa mugu ne. In ya shekara a ɗakin ajiya yakan tara ƙura da fumfuna. Wajen gurɓata iskar duniya ma ya fi: ƙungiyar Carbon Trust ta Birtaniya ta ƙiyasta cewa ƙera itacen roba mai mita 2 yana jawo hayaƙi mai ɗumama duniya kimanin kilo 40, alhali ɗanye mai wannan tsawo kilo 16 ne in an binne shi a juji, kilo 3.5 in an ƙone ko an niƙa shi. Sai an yi wajen shekara 10 ana amfani da na roba kafin ya biya bashinsa. Fifikonsa a gidan tsofaffi shi ne ba ya bushewa, ba ya zubar da ganye, ba ya bukatar ruwa, kuma ana samun wanda aka yi shi da maganin hana saurin kamawa. Hatsarinsa na ranar farko shi ne na ranar ƙarshe, na ɗanyen kuwa kullum ƙaruwa yake yi.

Hanyar da ta fi

Akwai hanyar da ta haɗa bukatun biyu, wadda gidaje da dama suke bi. A kafa ɗanyen itacen a waje, cikin lambu ko tsakar gida, daidai tagar ɗakin zama, a sa masa fitilun da aka yi don waje. Can sanyi zai hana shi bushewa, iska ta kwashe fumfunar, masu iya fita kuma a kai su su taɓa su sansana. A ciki sai a kafa na roba mai shaidar hana kamawa, a goge shi kafin a kafa, a ɗaure shi da bango don kada ya faɗi, a rataya masa kayan adon da ba su fashewa.

Inda doka ta yarda, shugaban gida kuma ya ga lalle sai ɗanyen ya shiga ciki, to, akwai sharuɗɗa. A zaɓi wanda ganyensa ke lanƙwasawa ba ya karyewa, ba ya zuba in an girgiza. A wanke shi da ruwa a waje, a bari ya tsane. A yanke gindin, a tsoma shi cikin ruwa nan da nan, a rubuta sunan mai duba ruwan kowace rana. A nisanta shi aƙalla mita ɗaya daga bututun ɗumama ɗaki da duk wani abu mai zafi, a kuma nisanta shi daga tukwanen oksijin. Kada a kafa shi a baranda, ko gindin matakala, ko bakin ƙofar fita. A yi amfani da fitilun zamani marasa zafi, a duba wayarsu, a kashe su kafin a kwanta. Kyandir kuwa kada ya kusance shi. A jinkirta shigo da shi, a kuma gaggauta fid da shi, gama lissafin Amurka ya nuna wajen kashi ɗaya cikin 3 na gobarar itacen cikin watan Janairu take aukuwa, bayan biki ya wuce hankali ya kau daga kansa.

Ma'aikacin da ya iske itacen a wurin aikinsa yana da gwaji mai sauƙi da zai yi kafin ya karɓi aikin dare. Ya sa yatsa cikin bokitin ya ji ko ruwa ya rufe gindin, ya ja reshe ɗaya cikin tafin hannunsa ya duba. In ganyen ya zubo masa a hannu, itacen ya gama kwanakinsa a cikin gida, sai ya sanar da shugabansa tun a daren.